Zanin Gadon Da Ya Manne A Fuskata

Sannunku da haƙuri, masu karatu. Na san na daɗe ban leƙo ba. Wasu sun yi ta aiko da saƙo suna tambaya ko lafiya, wata ma cewa ta yi ko na bi mijina ne. Ban bi shi ba, 'yar'uwa. Hannu ne ya ƙi riƙe waya. Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Verlie, abinci nake dafawa a wani ƙaramin gidan cin abinci a nan New Orleans. Karatuna bai yi nisa ba, in kun ga kuskure ku tsallake shi. Mijina Cleophas mai zane ne, ya rasu a farkon bazarar nan. Yau labarin zanensa na ƙarshe zan ba ku, yadda na tuna shi.

Cleo ba da buroshi yake aiki ba. Wata 'yar wuƙa gare shi mai faɗin baki, da ita yake ɗibar fenti ya lafta a ƙyalle kamar mai yaɓen bango. Wani wurin kaurin fentin ya kai na yatsa. Ga iskar garin nan kullum a jiƙe, sai zane ya yi watanni sama ya bushe ciki yana nan da laushi. Mutanen unguwa yake zanawa: mai askinmu, direban bas, tsohuwar da ke sayar da alewa a ƙofar coci. Sai ka ga an zo daga nesa an kwashe su an rataye a manyan ɗakuna masu farin bango, mutane na tsaye gabansu suna magana ƙasa-ƙasa.

Doka ɗaya gare shi. Wanda ake zanawa ba ya leƙawa sai an gama. In an gama kuwa, shi ne zai fara gani kafin kowa a duniya. Cleo zai ba shi kofi, ya fita baranda ya bar shi da fuskarsa.

Duk shekarun aurenmu bai zana ni ba. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Ke da ba kya iya zama wuri ɗaya? Tukunya ta yi tari kin tashi."

Sai a sanyin da ya wuce, wata safiya, ya ce in sa rigata ruwan ɗorawa mai fararen maɓallai, wadda na sa ranar da ya fara zuwa gaida Mama. Ya zaunar da ni a koriyar kujera a ɗakin baya, ya juya mini bayan ƙyallen. Ni kuwa na damƙe bakina gam. Ina da wushirya mai faɗi, tun muna makaranta yara ke cewa bas zai wuce ta ciki, shi ya sa ko dariya zan yi sai na sa hannu na rufe.

"Verlie, saki fuskar nan mana. Kamar wadda aka kawo wa takardar kuɗin wuta."

"Haka fuskar take. In ba ta yi maka ba ka koma wurin mai aski."

"Mai aski ya fi ki murmushi, kuma haƙoransa uku."

Na kusa fashewa, na yi maza na kai hannu. Ya girgiza kai yana goge wuƙa a wandonsa. Haka muka yi ta yi duk ranar da ba ni da aiki. Ban taɓa leƙawa ba. Ko shara zan yi, da baya nake shiga ɗakin.

Ranar da abin ya faru, da safe ne. Ya leƙo kicin hannunsa duk fenti, ya ce, "Yau ki dawo da wuri. Na gama. Kofinki na jiran ki." Ya juya zai koma, sai na ji ƙara kamar an yar da buhu. Zuciyarsa ce. Na bi motar asibiti da silifas ƙafa ɗaya. Kafin rana ta yi tsaka likita ya fito yana kallon ƙasa.

Da aka dawo da ni gida, Mama ta riga ta yi abin da ake yi. Ta tsayar da agogon falo. Ta rufe madubin ɗaki, da na banɗaki, da duk wani hoto mai fuskar mutum, kowanne da farin zanin gado, don kada mai tafiya ya waiwayo ya ga fuskar da zai so ya tafi da ita. Gidanmu dogo ne siriri, ɗaki bayan ɗaki, in ka tsaya a ƙofar gaba kana hango ta baya. Na tsaya na ga fari, fari, fari har ƙarshe. Ban yi tunanin komai ba. A lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani.

Aka yi jana'iza, masu busa suka raka shi, aka yi kuka a tafiya aka yi rawa a dawowa. Mama ta sa baƙar riga da hula mai raga, da farar safar hannu duk zafin nan. Baƙi suka watse, kwanukan abinci suka ƙare. Sai da na yi makonni kafin na iya tashi na fara cire zannuwan. Na madubi ya sauka. Na hoton aurenmu ya sauka. Na shiga ɗakin baya, ƙamshin fenti ya buge ni har na dafa bango. Na kama gefen zanin da ke kan zanen, na ja a hankali.

Bai motsa ba.

Ƙasa yana lilo, amma sama, daidai inda fuska za ta kasance, ya manne. Fentin ya tsotso ta cikin zaren ya fito waje, tabo biyu manya, ruwan ƙasa da ɗan ja. Na zauna a koriyar kujerar nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Na kira Mis Hollis, matar da ke baje kolin zanensa. Ta zo da takalma masu tsini da gilashi a saman kai. Tana gani ta dafe ƙirji.

"Verlie, don Allah kada ki ƙara taɓa shi. In kika ja, fuskar za ta biyo zanin."

"To yaya za a yi?"

"Akwai wani mai gyaran irin wannan a can arewacin ƙasar nan. Zare-zare yake cirewa. Zai ɗau lokaci, wataƙila shekara, amma zai ceci da yawa. Daga nan sai baje koli. Wannan ne aikinsa na ƙarshe, dole duniya ta gani."

Na ce, "Ni zan fara gani?"

Ta ce, "Ai mai gyaran ne zai buɗe, da mutanensa. Amma da zarar ta fito zan turo miki hoto a waya."

Hoto a waya. Masu karatu, ku ji fa. Mutum ya ce in dawo da wuri kofina na jira na, a ce sai wani baƙo ya gama kallon fuskata da tabarau, sannan a turo mini ita tsakanin tallan inshora da saƙon coci. Matar ba muguwa ba ce, ta yi kuka a jana'iza da gaske. Amma ban ce mata to ba, ban ce a'a ba.

Nan Mama ta samu ƙofa. Kullum da yamma sai ta zo, ta ajiye jaka a kan tebur, ta buɗe firij ta yi tsaki.

"Madara da lemo rabi. Wannan shi ne abincin mai rai?"

"Na ci a wurin aiki, Mama."

"Ƙarya kike, ga ƙashin wuyanki ana iya rataye laima. 'Yar nan, a fitar da abin nan daga gidan nan. Kina kwana kina tashi kina shaƙar warin mamaci."

"Fenti ne, ba mamaci ba."

"Ni dai na faɗa. Kuma Mista Alcide ya gaishe ki. Mutum mai hankali, ga sana'a, ga coci. Shi ma ya binne matarsa, ya san abin."

Alcide mai gyaran rufin gida ne. Dogo, mai furfura kaɗan a gemu, kullum cikin shuɗiyar rigar aiki mai sunansa a aljihu. Duk Litinin yana zuwa wurinmu cin jan wake da shinkafa, ya zauna kusa da taga, ya ci ya goge farantin da burodi. Da ruwan sama ya fara ɗiga a ɗakin baya, shi ya hau ya toshe, bai ko shigo ya sha ruwa ba. Daga nan saƙonni suka fara.

"Barka da safiya Mis Verlie. An ce za a yi ruwa yau. In ya ɗiga ki faɗa mini."

"Bai ɗiga ba. Na gode."

"Na samu jatan lande masu kyau. In kawo wa Mama ko in kawo miki?"

"Ka kai wa Mama."

Bai taɓa faɗin wata magana da za a ce ta wuce gona da iri ba. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi, don ban samu abin da zan yi fushi a kai ba. In ya yi wani abin dariya a wurin cin abinci, sai in juya in fuskanci tukunya.

Ranar wata Alhamis Mama ta kira ni, muryarta irin ta wadda ta riga ta gama shawara.

"Na yi magana da Mis Hollis. Asabar da rana Mista Alcide zai zo da a-kori-kurarsa ya kai mata zanen. Daga nan ku wuce gidana, na yi miyar kuɓewa."

"Mama, wa ya ce ki..."

"Ni na haife ki, ba sai an ce ba."

Ta kashe. Na tsaya da waya a hannu. Gaskiya na gaji. Wani ɓangare na zuciyata ya ce a bari a kai, ko ba komai za a ceci aikin Cleo. Wa ya san fenti, ni ko su?

Asabar ta zo da zafi mai nauyi, hadari ya haɗu ya ƙi zubowa. Na ce bari in yi sallama da zanen yadda ya kamata. Na ɗauko rigar ruwan ɗorawa na sa. Da can sai na riƙe numfashi kafin maɓallan su shiga, yanzu kuwa tana yawo a jikina kamar ta aro. Na dafa kofi, na shiga ɗakin baya da shi. Hasken taga ya faɗo a kan zanin, na tsaya ina kallon tabon nan biyu. Ban san abin da ya sa ba, na ɗaga hannuna na ɗora a kan na dama.

Ya zauna daidai. Tafin hannu, da yatsu. Hannu ne. Na duba na hagu, shi ma hannu ne, sai dai ƙaramin yatsan ya karkace waje.

Mutum ɗaya na sani mai irin wannan yatsan, ƙofar mota ce ta datse shi tun ina goye.

Zanin da aka yafa kawai ba ya mannewa haka. Danna shi aka yi.

Na ji ƙarar ƙofar gaba, da takun Mama tana ratso ɗakunan tana mita a kan zafi. Ta iso da rigarta mai furanni shuɗaye da mafici a hannu. Tana ganin rigar jikina ta tsaya.

"Me ye haka kuma? Cire wannan kafin mutumin ya zo."

"Mama, kawo hannunki."

"Hannuna na me?"

"Na hagu. Ɗora shi a nan."

Ta kalli zanin, ta kalle ni. Maficin ya daina motsi.

Na ce, "Ranar jana'iza, duk zafin nan, safar hannu kika sa. Har a wurin cin abinci ba ki cire ba. Kin ce mini ba ki duba zanen ba, yafa zanin kawai kika yi kika fita."

"Verlie, kada ki yi mini magana kamar 'yar sanda."

"Kin gani ko ba ki gani ba?"

Ta nemi koriyar kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba. Da ta buɗe baki, muryar ba irin tata ba ce.

"Na gani. Na shigo da zani a hannu, na zagayo, sai ga ki. Yesu ya sani, 'yar nan, na ɗauka ke ce kika riga ni dawowa. Ta fi ki rai. Tun kina ƙarama ban ga wannan fuskar ba. Ga shi bai daɗe da cikawa ba, yana nan yana zagaya gidansa, kuma ɗakin nan zai fara shigowa. Na ce in ya ga wannan ba zai tafi shi kaɗai ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Na yafa zanin, iskar fanka ta ɗaga shi. Na sake, ta sake ɗagawa. Sai na sa hannu biyu na danne. Na danne da ƙarfina duka. Na ji abin yana nutsewa a ƙarƙashin hannuna, ban saki ba. Sati na yi ina kankare farcena."

"Shi ya sa kike so a fitar da shi."

"Duk shigowata gidan nan hannuwana nake gani. Ki tsane ni in kina so. Amma ga ki nan a tsaye, kina numfashi. Ko yau aka maimaita, zan sake."

Na so in yi ihu. Na so in ce ta kashe mini Cleo a karo na biyu. Amma na kalli tsohuwar nan da karkataccen yatsanta a kan cinya, sai na fasa. Wayata ta yi ƙara a kan taga, saƙon Alcide ne.

"Na taso Mis Verlie. Na shimfiɗa barguna a bayan mota don kada ya bugu."

Na ajiye wayar. An riga an karya dokar Cleo sau ɗaya, ba da mugunta ba. In motar nan ta tafi da shi, za a karya ta sau ɗari kafin ta iso kaina.

Na ce, "Mama, tashi ki riƙe mini katakon zanen."

"Matar nan ta ce fuskar za ta..."

"Na ji abin da ta ce. Ki riƙe ta baya, kada ki leƙo."

Ta tashi. Ta zagaya baya ta kama gefe da gefe, ina jin tana addu'a ƙasa-ƙasa. Na kurɓi kofin nan da ya riga ya huce, don haka ake yi. Na kama zanin daga ƙasa na fara naɗe shi sama.

Ƙafafun kujera suka fito. Rigar ta fito, ruwan ɗorawa mai kauri kamar a lasa, da maɓallan, kowanne ɗigo ɗaya na fari. Hannuwana suka fito, duka biyun a kan cinya, a kwance, babu wanda ya tashi zuwa baki. Wuya ya fito. Daga nan zanin ya cije. Na ja. Ya yi wata ƙara kamar ana ɓare filasta daga ciwo, ƙamshin ɗanyen fenti ya tashi sabo fil kamar yanzu ya ajiye wuƙar. Na rufe ido na fizge.

Da na buɗe, daga hanci zuwa goshi babu kowa. Taɓo ne kawai, ruwan ƙasa da ja a dame, da sawun zare. Idanun sun tafi. Kumatun sun tafi.

Amma bakin yana nan, hannun Mama bai kai can ba. A buɗe yake, dariya nake yi har ana ganin dasashi. Ga wushiryar a tsakiya, bai rage mata ko kaɗan ba, ya ma sa ɗan haske a gefen haƙoran kamar abin ado. Ban taɓa yin wannan dariyar a kujerar nan ba. Ban san inda ya gan ta ba, ban san tsawon lokacin da ya yi yana ajiye ta ba.

Na zauna a ƙasa da zanin a cinya. Na buɗe shi. Ga sauran fuskata a can, a juye, a cikin tafukan hannu biyu. A na hagu, ƙarƙashin karkataccen yatsan, ido ɗaya ya fito kusan cikakke, yana kallona.

Mama ta ce daga baya, "Verlie? Akwai abin da ya rage?"

Ta leƙo da kanta, ta ga ɓarnar, ta kama baki. Ta durƙusa kusa da ni da ƙyar saboda gwiwarta, ta kama gefen zanin. Ruwan da ya ƙi zubowa tun safe ya fara buga rufin.

Ba mu ji tsayawar mota ba. Sai dai muka ji an ƙwanƙwasa jikin ƙofar ɗakin. Alcide ne, kafaɗunsa a jiƙe, hularsa a hannu, igiya a rataye a wuya.

"Ku gafarce ni, ƙofar a buɗe take, na yi ta sallama..."

Idonsa ya faɗa kan zanen. Na jira ya ce kash, ko ya tambayi wa ya yi wannan aika-aika, ko me za a faɗa wa Mis Hollis. Bai ce ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon bakin nan, sannan ya sauke igiyar daga wuyansa ya ajiye a ƙasa.

Na ce, "Babu abin ɗauka, Mista Alcide. Ka yi haƙuri da wahalar da aka ba ka."

Ya gyaɗa kai, bai ɗauke ido daga zanen ba.

"Shekara nawa ina cin wakenki," ya ce a hankali, "ban taɓa sanin kina da wushirya ba."

Mama ta sunkuyar da kai. Ni kuwa sai a lokacin na lura hannuna ya riga ya tashi da kansa ya rufe bakina, da ɗanyen fentin Cleo a yatsuna. Alcide ya juyo ya kalle ni, bai matso ba, bai kuma fita ba. Ruwa na ta zuba a kan rufin da ya gyara, ko ɗigo bai shigo ba.

Hannun yana nan inda yake. Ban sauke ba, ban kuma ce wa Alcide ya tafi ba.